Daktar da Ke Ƙasan Gidan Hajiya Bebi

Assalamu alaikum, 'yan'uwana masu bin labarin nan. Baiwar Allahn da ta turo min saƙo wai da gangan nake ja muku rai, Allah ya huci zuciyarki, wallahi ba jan rai ba ne. Abin da na gani ranar Lahadi ne ya kashe min hannu, har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Sababbin shiga kuma ku matso kusa. Ni ce Salwa Badaru, a Pleasant Garden muke zaune, kudu da Greensboro, daga ni sai Abba da Mama. Na gama mastas ɗina a kan ƙwayoyin jini, zuwa safiyar Lahadin nan hanya biyu ce a gabana, an ba ni zuwa Juma'a in ɗauki ɗaya in bar ɗaya.

Farfesa Halloran, wanda na yi mastas a lab ɗinsa, ya ce in zauna in yi PhD a kan sikila. Wani kamfanin binciken magunguna da ke Durham kuma ya ba ni aiki, da albashin da ko a mafarki ban taɓa riƙe irinsa ba. Na san wasunku sun riga sun ce, ke Salwa, wannan har abin tunani ne? To ku bari in faɗa muku, ina son lab. Ina son in ɗaga 'yar kwalbar robar da muke rayar da ƙwayoyin jini a ciki, in ga ruwan hodan da na zuba musu shekaranjiya ya dishe ya koma ruwan ɗorawa, alamar sun ci sun hayayyafa. Ƙwayoyin nan ba su san Asabar ba, ba su san Sallah ba, in ka yi sake da abincinsu ka dawo ka tarar da gawa. 'Yar ƙanwar Mama sikila ce ta tafi da ita tana aji uku a sakandare, kuma duk ranar da na zauna a gaban madubin ƙara girma sai na tuna ta.

Kamfanin kuwa ƙawata Prisca ce ta yi min hanya, 'yar Pankshin, ta daɗe tana aiki da su. Ga abin da ta ce min a voice note, tana tauna wani abu kamar kullum:

"Salwa, ke dai ki zo. Five o'clock kin rufe laptop kin kama hanyar gida, weekend ɗinki naki ne. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, in ba ki da PhD akwai inda za ki kai su ce tsaya nan. Manajarmu ƙanwar bayana ce, takardar ce kawai ta fi ni. Su kuma masu takardar, wasu sun fito da furfura. Ki zaɓi ciwon da za ki iya ɗauka."

A gida kuwa babu ma zancen zaɓi. Abba malamin jami'a ne a Zariya kafin ya zo ƙasar nan yin nasa PhD ɗin. Aka haife ni, hidima ta yi yawa, ya ajiye karatun da niyyar shekara ɗaya, har yau bai koma ba. Tsofaffin motoci yake saye yana turawa Kwatano. Tun ranar da na kuskura na faɗa masa abin da Farfesa ya ce, ban sake jin sunana a bakinsa ba.

"Dakta, miƙo min remote."

"Abba, ban ma amsa musu ba fa."

"Za ki amsa. Aikin kamfani ai ba ya guduwa."

Sai kuma Abdurrahim. Wanda bai san shi ba, shi ne mutumin da ya hana ni sukuni tun Sallar bara, dogo, mai sanyin murya, aikin kwamfuta yake daga gida. Manya sun shiga maganar, an kai gaisuwa, sa rana ya rage. Ina sonsa, ba zan tsaya yi muku kwana-kwana ba. Safiyar Lahadin ma saƙonsa ne ya tashe ni.

*Daktata ta tashi lafiya?*

*Kai ma ka koyi halin Abba? Ban zama ba tukuna.*

*Saura ƙiris. Hajiya tana ta murna za ku zo yau.*

Hajiya Bebi mahaifiyarsa ce, ta dawo daga Umara, Mama ta kafa ta tsare sai na raka ta yi mata sannu da zuwa. Na ce ni kunya nake ji, ina ni ina gidan surukai tun ba a ɗaura ba. Mama ta ce nan Amurka ne, kuma ai ba ni kaɗai za ni ba. Ita ta zaɓar min kaya ma, doguwar rigar atamfa ruwan ƙasa mai ɗigon zinari, da mayafi ruwan madara, ta sa ni na tsaya a kan kaskon turare har idona ya kawo ruwa. Ita kuma ta sha farin leshinta na zuwa biki. Na yi mamakin wannan kwalliya don sannu da zuwa kawai. Muka ɗauki dambun nama da alkaki muka fita, muka bar Abba a tsakar gida yana wanke ƙarfen gashin da muke suya a kai, wai ya gaji da ganin dattinsa.

Gidansu yana Summerfield, can bayan gonakin masu dawaki, inda gida da gida sai ka yi tafiya. Ranar babu rana babu ruwa, gari ya yi luf, ganye ya zube ya rufe hanyar shiga. Katon gida ne na jan bulo, amma duk labulayensa a sauke. Abdurrahim ya fito ya durƙusa ya gaida Mama, ya saci kallona sau ɗaya, ya ɓace.

Falon ya sha kujeru masu ruwan zinari da kafet mai nutsar da ƙafa, ga dabino da zamzam an jera a tire. Hajiya Bebi 'yar gajeriya ce mai fara'a, zobe a kusan kowane yatsa. Na zube a ƙasa.

"Hajiya, ina wuni? Kun dawo lafiya? Allah ya karɓi ibada."

"Amin, amin, 'yata. Tashi ki hau kujera. Ai Dakta ba ta zaman ƙasa."

Aka kawo shayi. Na kai kofin baki ke nan na ga fuska a jikinsa. Budurwa ce mai manyan idanu da baƙar hular gama karatu, an rubuta a ƙasa, *Muna taya Dakta Dalila murna.* Rubutun ya koɗe da wanki. Kofin Mama ma haka, farantin alkaki haka, har agogon bango fuskar nan ce a tsakiyarsa, hannayen agogon suna zagaya hancinta.

Duk yarinyar Hausawa da ta tashi a Greensboro ta san sunan Dakta Dalila, yayar Abdurrahim. Da ita iyayenmu suke yi mana gori in mun faɗi jarrabawa. Amma ina zaune a wurin na yi ta lalube a raina, rabon da in gan ta da idona tun ina sakandare. Ba ta zuwa idi, ba ta zuwa suna. In an tambaya sai a ce bincike ya riƙe ta. Ko Abdurrahim in na ɗauko zancenta sai ya ce tana lafiya, ya canza magana.

Da lokacin azahar ya yi na nemi inda zan yi salla. Hajiya ta washe baki.

"Sauka ƙasa, akwai darduma a wurin Dakta. Dama tana ta son ganinki. Ku masu ilimi ku kuka san yaren juna."

Ƙofar tana bayan kicin. Ina buɗewa sanyi ya bugi fuskata, tare da wani wari da hancina ya sani tun kafin ƙwaƙwalwata ta gane shi, warin sifirit ɗin da muke goge tebur da shi a lab. A gidan mutane, a ƙarƙashin ƙamshin turaren wuta. Ina sauka ina jin wani gunji ƙasa-ƙasa, irin na firji da yawa in sun haɗu a ɗaki ɗaya.

Ɗaki ne babba, farin fenti, fitilu masu haske fau. Taga ɗaya ce 'yar ƙarama can kusa da rufi, ba ka ganin komai ta ciki sai ciyawa. Bango guda katan-katan ne har sama, wasu a buɗe, cike da kofunan nan da farantai da jakunkuna masu fuskarta. A ɗaya ɓangaren dogon tebur ne na ƙarfe. Wata mata tana zaune ta ba ni baya, da farar rigar lab a kan doguwar riga baƙa, safar hannu shuɗiya, kwalabe a jere a gabanta. Tana zuƙe ruwan hoda daga wannan tana zubawa a wancan, a nutse, hannunta ko rawa ba ya yi.

"Assalamu alaikum. Anti, ina wuni?"

Ba ta juyo ba.

"Tsaya nan. Kada ki matso da mayafi, kwalba a buɗe take."

Na tsaya cak. Ta gama, ta ɗauki murfin da ta kwantar a gefensa, ta rufe, ta fesa wa safarta sifirit, ta tafa hannu a hankali don ya bushe. Mutum ɗaya na sani a duniya da yake koya wa ɗalibansa wannan tafin.

Sannan ta juyo. Idanun nan ne na jikin kofi, amma fuskar ta zurma, ga furfura ta leƙo ta gaban ɗankwali.

"Har yanzu yana faɗa in an kifa murfi a kan tebur?"

"Wa, Anti?"

"Halloran mana. Ba ke ce Salwa ba? Teburin da ke kusa da taga ya ba ki, ko? Nawa ne."

Ban san lokacin da na ce eh ba. Shekara biyu ina lab ɗin nan, ban taɓa jin an ambaci sunanta ba. Shekara guda ina tare da ƙaninta, bai taɓa ce min a can ta yi karatu ba.

Ta miƙo min kwalba ɗaya.

"Duba min su. Ke idonki sabo ne."

Na ɗaga ta saitin fitila. Ruwan garau yake, launin hoda sak, har ina hango yatsuna ta cikinsa. Na duba ta biyu, na duba ta uku. Na kalli waɗanda ta ce jiya ta ba su abinci, duk launinsu ɗaya da na yau. Jama'a, babu komai a cikin kwalaben nan. Babu abin da yake ci, babu abin da yake raye. Na rasa inda zan sa idona, na fara lissafin taku nawa ne tsakanina da matattakala.

Sai ga ƙarar takalmi daga sama, da muryar Hajiya tana magana da ƙarfi irin na mai waya da gida.

"Ga ta nan, ga ta nan, kullum cikin aiki. Ko Lahadi ba ta hutawa. Dakta, ga Gwaggonki ta Gwammaja."

Abin da na gani a lokacin ya fi kwalaben ba ni tsoro. Kafin Hajiya ta ƙaraso matakin ƙarshe, fuskar Anti Dalila ta canza gaba ɗaya. Murmushi ya cika ta, kafaɗunta suka miƙe, ta ɗaga kwalba sama yadda za ta fito a waya.

"Gwaggo, ina wuni? Wallahi aiki ne ya yi yawa. Muna dab da samo maganin, ku dai ci gaba da addu'a."

"Allah ya yi albarka, Dakta! Allah ya ƙara ilimi!"

Hajiya ta juyo da wayar kaina.

"Ga kuma ƙaramar Daktarmu, wadda Abdurrahim zai kawo mana. Gida ya zama na likitoci."

Na gaida matar da ban sani ba. Hajiya ta haye sama tana dariya, ta ja ƙofa. Murmushin Anti Dalila ya ɗauke kamar an kashe fitila. Ta cire safar hannunta ta jefa a kwando.

"Daina kallona haka, ba hauka nake ba. Na fi ki sanin babu komai a ciki. Ruwa ne da kalar kek. Yi sallarki, sai mu yi magana."

Na yi sallar, amma Allah ya yafe min, ban san surar da na karanta ba. Ina sallamewa ta jawo kujera ta zauna a gabana.

"A shekarata ta uku na ci qualifying exam, jarrabawar da ke nuna an yarda ki ci gaba da bincike. Na kira gida da murna. Kakanmu yana kwance a lokacin, aka ce ai kusan an gama ne, a yi walima yana da rai. Na ce musu da saura, Hajiya ta ce saura me, ba rubutu ba ne kawai? Aka tafi Kano aka kama hall, aka yanka sa, aka buga waɗancan." Ta nuna katan-katan ɗin da haɓa. "Aka ara min riga da hula. Tun daga ranar babu wanda ya sake kirana Dalila."

"To me ya faru, Anti?"

"A shekara ta bakwai aka gwada cells ɗina, ƙwayoyin da nake bincike a kansu. Ashe tun farko wasu na daban sun faɗa ciki sun cinye na asalin. Ba laifin kowa ba ne, yana faruwa. Amma duk abin da na auna, duk abin da na rubuta, a kan abin da ba shi ba ne na yi. Halloran ya ce ko in fara daga farko, ko in karɓi master's in tafi. Mutumin kirki ne, har aiki ya samo min a wani kamfani."

"Ba ki je ba?"

"In je a matsayin wa? Akwai yaran Hausawa a wurin. Badge ɗina ba zai ce Doctor ba. Kafin sati labari ya kai Gwammaja." Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Na ce bari in huta wata biyu a gida in yi tunani. Hajiya ta ce mutane suna tambaya, ta sayo teburin nan don a riƙa ɗaukar hoto. Sai firji. Sai rigar. Ni kuma hannuna ya saba, in ban yi ba ba na iya barci. Kin ga wata biyun."

Na ji hawaye ya cika min ido. Tausayinta ya kama ni, tsoro kuma ya fi tausayin yawa, don ina kallonta ina ganin mayafina a jikinta.

"Wane project ya ba ki?" ta tambaya.

Na faɗa mata. Ta gyaɗa kai tun ban kai ƙarshe ba.

"Nawa ne. Da cells masu kyau wannan karon. Aiki ne mai kyau, Salwa, ba zan ɓata shi ba. In don kanki kike so, ki yi, wataƙila ke ki gama. Amma ki san abin da ake jira a gidan nan. Hajiya ta sa a ranta in surukarta ta ƙarasa aikin, za a sa sunana a paper, a kira ni in yi defence, in karɓi takardata. Na gaya mata ba a yin haka, lokacina ya ƙone tuntuni. Ba ta ji. Ita ta ji a wurin suna cewa 'yar Alhaji Badaru tana lab ɗin Halloran, ta dawo gida ranar ko mayafi ba ta cire ba ta kira Abdurrahim ɗaki."

Ban tuna yadda na hau matattakalar ba. Na dai tuna Hajiya tana cusa min leda mai dabino da turare da kofi guda biyu masu fuskar, tana cewa in ajiye, nawa ma suna nan tafe.

A mota Mama ce take tuƙi, bakinta har kunne, tana ta yabon gidan da kujerun. Ni kuma na sunkuyar da kai a kan waya ina rubuta wa Abdurrahim.

*Na ga Anti Dalila.*

Ya karanta. Ya fara rubutu, ya goge, ya sake farawa.

*Na so in gaya miki da kaina.*

*Hajiya ce ta turo ka wurina?*

Sai da muka wuce gonakin dawaki muka hau babban titi sannan amsarsa ta shigo.

*Da farko, eh. Ba zan yi miki ƙarya ba. Amma wallahi tallahi, Salwa, tun wata na biyu don kaina nake zuwa. Ina sonki.*

Na yarda da shi, abin haushin ke nan. Na san muryarsa ko a rubuce.

*To in na karɓi aikin Durham fa?*

*Hajiya ba za ta ji daɗi ba. Za ta iya cewa a dakata da sa rana.*

*Kai fa?*

*Ki duba halin da Yaya take ciki. Ko ba za a ba ta takardar ba, Hajiya za ta samu abin da za ta riƙe. Shekara biyar ce kawai, kuma ke ma ai kina so.*

Nan ne ya ƙona min rai, don gaskiya ya faɗa, ina so. Da safiyar ranar da za a matsa min da tambaya, wataƙila PhD zan ce. Amma yanzu na kasa bambance wanne ne son nawa, wanne ne na Abba, wanne ne na Hajiya Bebi. Na tambayi kaina, in nawa ƙwayoyin suka lalace a shekara ta bakwai, wa zan iya kallo in ce na fasa? Abba da ya ajiye nasa saboda ni? Ko surukar da ta riga ta nuna ni a Gwammaja? Karatun yana nan, in don kaina ne zan iya dawo masa wata rana ba tare da gayya ba. Amma in na shiga yanzu, da wannan rakiyar zan shiga, kuma na ga inda take kai mutum.

Mama ta tsaya a wani kanti kusa da gida, wai za ta sayi ƙanƙara. Ko tambayar ƙanƙarar me ban yi ba. Tana shiga na buɗe email ɗin kamfanin, na rubuta musu na karɓa, na yi bismilla na tura. Na tura wa Prisca kalma ɗaya, *Done.* Wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Na shirya maganar da zan yi wa Abba, zan same shi shi kaɗai bayan magariba, in durƙusa, in roƙe shi ya saurare ni har ƙarshe.

Muna shawo kwanar layinmu na ga motoci. Sun cika gaban gidanmu, sun hau ciyawar maƙwabta. Hayaƙin suya yana tashi daga bayan gida. An kafa rumfa, an jera fararen kujeru, mata sun sha gwaggwaro, abokan Abba na masallaci sun sha manyan riguna. A jikin ƙofar gareji an rataya wani ƙaton kyalle mai hotona, wanda na ɗauka ranar gama mastas.

"Mama, mene ne wannan?"

Ta kashe mota tana dariya.

"Surprise! Ai shi ya sa na janye ki daga gida. Abbanki ya ce tunda Farfesa da bakinsa ya ce ki zo, an gama magana. Tun Juma'a ya sanar a masallaci."

"Mama, ban fara ba fa. Ko fom ban cike ba."

"Ke dai fito, mutane na jira. Gyara mayafinki."

Ƙafafuna suka ɗauke ni ba da izinina ba. Ta ko'ina hannu ake miƙo min, ana barka, ana Allah ya sanya alheri. Wata ta rungume ni tana ce wa 'yarta, kin gani ko, haka ake so. Ina neman Abba da ido don in ja shi gefe, ko minti ɗaya ne, kafin abin ya wuce haka.

Shi ya fara gano ni. Ya taho cikin farar shaddar da bai taɓa sawa ba sai da Sallah, waya a hannunsa ya ɗaga ta sama, yana cewa a yi shiru, a yi shiru. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar an cire masa shekara ashirin.

"Abba, don Allah ina son magana da ku."

"Za mu yi, za mu yi. Ga Inna tukuna. Tun la'asar ɗinsu take zaune, ta ƙi cin abinci wai sai ta gan ki."

Inna mahaifiyarsa ce, tana Malumfashi, ta haura tamanin, idonta ya kusa tafiya. Ita ta sayar da gonarta aka yi wa Abba kuɗin jirgi lokacin da zai zo karatun da bai gama ba. Fuskarta ta cika wayar, ta matso da ita har ba na ganin komai sai ido ɗaya da goshi. A bayanta ina jin hayaniyar 'yan gida, da alama duk an taru.

"Ina take? Badaru, ina take? Ba na gani sosai."

"Ga ta a gabanki, Inna."

Wurin ya yi tsit, har ina jin kitse yana ɗiga a kan garwashi. A cikin jakata waya ta yi ƙugi, na san Prisca ce take murna.

"Dakta?" in ji Inna. "Dakta, ke ce?"

Na kalli Abba. Hawaye ne yake gangarowa cikin gemunsa, a gaban abokansa, bai ko share ba.

"Na'am, Inna," na ce. "Ni ce."